Hoton Yaya a Bakin Layi

Litinin, ƙarfe bakwai na safe

Na share ɗakin nuni, na kwashe tokar kurfoti, na jera curin gawayi a faranti.

Litinin, bayan tashi daga aiki

Aikina a Cibiyar Bincike shi ne hura wuta a gaban baƙi. Haka nake faɗa wa duk wanda ya tambaya, don in na ce jami'ar wayar da kai sai a yi min dariya. Masu digiri suna can ciki suna haɗa ɓawon gyaɗa da totuwar masara da sitacin rogo, inji ya matse, ya fito da curi baƙi kamar ƙwai. Ni kuma in zuba a kurfoti, in hura, in ɗora buta, in ce wa mutane su duba da idonsu: babu hayaƙi. Daga nan in zagaya da su wajen faifan sola da farantan da aka yi da tukar rake, in rufe da cewa da kuɗin jama'a aka yi, saboda haka nasu ne.

Yau ba baƙo ko ɗaya. Na gode Allah.

Hanyar gida ɗaya ce, dole sai ta bakin layinmu. Hoton yana nan. Ya fi ƙofar shago girma, an ɗaure shi da waya tsakanin turakun lantarki. Yaya ce zaune gaban kurfoti tana dariya har da wushiryarta, a ƙasa kuma an rubuta da manyan baƙaƙe: BA HAYAƘI, BA HAWAYE. Ni na roƙe ta ta zauna a ɗauka. Ni na ɗaura mata ɗankwalin ma.

Na wuce kaina a ƙasa. Mai itace ya ce, "Sannu da aiki, Gwamnati." Haka yake kirana, saboda aikin Cibiya.

Ba zan rubuta abin ranar Asabar ba.

Talata, da azahar

Na karɓi izini na je asibiti duba Tela, mijin Yaya. Yaya ta tare ni a ƙofar ɗakin maza, hannunta a jikin ƙyaure.

"Me kika kawo?"

"Abinci ne, Yaya."

"Da me kika dafa shi?"

Ta dubi kular abincin, ta yi tsaki.

"Ya farka?" na ce.

"Ya farka. Sai da na faɗa masa ni ce matarsa."

Na leƙa ta saman kafaɗarta. Tela yana kwance da roba a hanci, ƙafafunsa sun fito daga bargo. Mutumin da ba a taɓa ganinsa zaune ba sai a kan keken ɗinki.

"Abu ɗaya nake so daga gare ki," in ji Yaya. "Ki je ki cire min fuskata daga titi. Kafin nan ba ni da ƙanwa."

Yaya ce ta goya ni bayan rasuwar Inna. Ita ta tsaya tsayin daka na gama sakandare, ita ta wanke ni ranar aurena. Ba ta taɓa faɗar magana ta janye ba, ko a kan gishiri ne.

Na dawo da kular abincin yadda na kai ta.

Laraba, ƙarfe goma na safe

Na shiga ofishin shugaban sashenmu na yaɗa labarai. Lasifika muke ce masa a bayan ido, don ko gaisuwa yake yi sai an ji shi a bakin get.

Na tsara maganata tun a gida. Na ce matar da ke hoton tana so a sauke shi. Na ce mijinta yana asibiti.

"Allah ya ba shi lafiya," ya ce, bai ɗago ba. "Hoto kuma yana nan sai kwamitin kasafi ya zo ya tafi. Ƙarshen wata. Motarsu ta bakin layin nan za ta bi, ni na zana musu hanya."

"Ranka ya daɗe, yayata ce."

"Na sani. Shi ya sa ta yi kyau a hoton, jininku ɗaya." Ya yi dariya shi kaɗai. "Malama, hoton nan ya fi duk rahotannin Dakta ta ɗakin gwaji aiki. 'Yan kwamiti ba sa karatu. Fuska suke kallo."

Na ce na gode. Ban san abin da na gode wa ba.

Laraba, da yamma

Ƙarshen wata. Yaya ba za ta jira ƙarshen mako ba ma.

Alhamis, bayan la'asar

Na sami Dakta a ɗakin gwaji. Ita ce ta ƙirƙiro gawayin, shekaru tana kansa, yatsunta kullum baƙi kamar nawa. Ina ganin girmanta. Yau ban gani ba.

Ta cire tabarau ta ce ta ji labari, kuma ranta ya ɓaci. Daga nan ta koma Dakta.

"Gawayin bai yi laifi ba. Duk abin da ke ci da wuta yana fitar da wata iska da ba a gani, ba a jin warinta. A fili ba komai. A rufaffen ɗaki tana kisa. Itace ma haka yake, sai dai hayaƙi yakan kori mutum kafin iskar ta kama shi."

"Namu kuma ba ya kora."

"Ba ya kora. Abin da muka nema ke nan." Ta mayar da tabarau. "Yana cikin jawabinki ai. Kin faɗa musu, ko?"

Na ce na faɗa.

Tun da na fito nake jin kalmar a bakina kamar tsakuwa.

Juma'a, da sassafe

Bari in bi abin daki-daki, ko hankalina zai kwanta.

Jawabina a jere yake, ba na canza shi. Farko abin da aka yi gawayin da shi. Sai yadda ake hura shi. Sai daɗewarsa a kan na itace. Sai maganar bishiyoyi da idon mata. Sai kuɗin jama'a. Gargaɗin shi ne na ƙarshe: kada a shiga da shi ɗaki a rufe ƙofa. Da can shi ne na biyu. Lasifika ne ya mayar da shi ƙarshe, ya ce ba a fara talla da tsoratarwa.

Ranar da muka raba buhunan gwaji ga matan layinmu, a tsakar gidan Yaya aka yi. Mata sun cika. Mai hoto yana ta matsar da mutane, yana cewa Yaya ta ɗago haɓa. Yaya tana ba'a, tana cewa yau ta ga gawayi mai takardar makaranta. Na kai maganar kuɗin jama'a, wannan na tabbata, don wata ta ce to a ba ta kasonta a hannu, aka fashe da dariya. Sai buta ta tafasa. Aka yi tafi. Aka yi kan buhuna.

Na tuna na buɗe baki.

Daga nan ba na ganin komai.

Juma'a, da azahar

Na rufe ɗakin nuni na yi jawabin ni kaɗai daga farko zuwa ƙarshe, ko bakina zai tuna abin da kaina ya manta. Gargaɗin ya fito sumul. Kullum yana fitowa sumul in ba kowa.

Asabar

An yi ruwa. Ban fita ba.

Lahadi, da hantsi

Na buɗe ƙofa na tarar da buhuna a jingine da bango. Matan layi sun dawo da gawayinsu. Ba wadda ta yi sallama. Wasu ko kwance bakin buhun ba su yi ba tun da aka ba su, amma su ne kan gaba wajen cewa an so a kashe su.

Na ja su ciki ɗaya bayan ɗaya. Na hura kurfoti a tsakar gida, ƙarƙashin sararin Allah, na dafa shinkafa. Ta dahu lafiya. Tukunya ko baƙi ba ta yi ba.

Maigidana ya fito ya ga wutar, ya koma ya bubbuɗe tagogi har da ta banɗaki, yana yi yana buga su don in ji.

"Gwamnati, a ci abincin ko a fara rubuta wasiyya?"

"Kada ka ci."

Ya ci faranti biyu.

Shi ma yanzu Gwamnati yake ce min. A bakin mai itace ya tsinto.

Litinin, bayan tashi daga aiki

Na bi gida uku ina tambaya, kamar mai neman ɓatacciyar akuya. Kun ji na ce kada a shiga da shi ɗaki?

Ta farko ta ce ta ji, da kunnenta. Ta biyu ta ce wallahi ban faɗa ba, da na faɗa da ta ji, don a gabana take tsaye. Ta ukun ta ce ita mai hoto take kallo.

Ta farko tana son in sa ɗanta aiki a Cibiya. Ta biyu ba ma shiri da ita tun rigimar kwata. Ba wadda zan iya ɗauka.

Mutum ɗaya ce ta sani. Ba za ta yi min magana ba.

Talata, da rana

'Yan wata ƙungiyar mata sun zo nuni. Na sa gargaɗin a farko. Na sake faɗarsa a tsakiya. Lasifika yana tsaye a ƙofa, ya sha mur.

Bayan sun tafi ya ce, "Malama, gawayi muke tallatawa ko makara?"

Na ce kuskure ne.

Ba kuskure ba ne. Amma haka na ce.

Laraba, da yamma

Yau raina a ɓace yake, kuma zan rubuta.

Mai itace ya tara mutane a gindin hoton yana wa'azi. Wai gwamnati ta kwashi kuɗin talaka ta ba wa masu farar riga su yi wasa da shara. Wai kakanninmu da itace suka girma, me ya same su? In gaya masa abin da ya same su? Inna tari ne ya kai ta, tarin murhu, ina yarinya ina jin sa ta bango. Yaya idonta ja ne tun ina goye, har na girma ina zaton haka aka halicce ta. Shi da kansa kullum kuka yake daji ya yi nisa, mota ta yi tsada. Ina yake so a je in dajin ya ƙare? A ƙona kujeru?

Ba wani ɗan kasuwa da zai zauna shekara da shekaru yana gwada ɓawon gyaɗa don matar da ba ta da ko sisi. In ba Cibiya ta yi ba, ba mai yi. Wannan na yarda da shi jiya, na yarda da shi yau.

Duk wannan a nan na faɗa. A gabansa wucewa na yi.

Alhamis

An sallami Tela. A bakin matar da ba ma shiri na ji.

Asabar, da hantsi

Na bi ta gaban shagonsa kamar hanya ce ta kawo ni. Yana zaune a kan keke, ƙafa a kan feda, ba ya takawa. Wani yadi shuɗi a cinyarsa. Hannunsa na dama yana rawa a hankali, ya danne shi da na hagu.

"Ƙanwata! Kin ɓuya."

Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Na durƙusa na gaishe shi. Maganarsa tana fitowa da jinkiri, kamar yana ɗauko kowace kalma daga wani ɗaki.

"Kada ki sa wa ranki damuwa. Ni ban ji komai ba. Zazzaɓi nake, ana ruwa, yayarki ta shigo da wuta ta ce ɗakin ya yi ɗumi, ta ja min ƙofa ta tafi karɓo magani. Barci mai daɗi, wallahi. Ban taɓa irinsa ba."

Ya yi dariya. Ni ban iya ba.

Labule ya motsa, Yaya ta fito daga ƙofar ciki da kofi a hannu. Ba ta dube ni ba.

"Malam, da wa kake magana?"

"Ƙanwarki ce."

"Ni ban ga kowa ba. Hoto dai na gani da safe, yana nan yana dariya."

Na tashi. Gwiwata ta bugi ƙafar keken, har yanzu tana zafi.

Lahadi

Ban faɗa ba. Na faɗa. Ban faɗa ba.

Litinin, ƙarfe takwas na safe

Wani ya hau ya ƙara layi a ƙasan hoton, da gawayi. Yanzu ana karanta: BA HAYAƘI, BA HAWAYE, BA NUMFASHI. An kuma zana wa Yaya gashin baki.

Da irin gawayinmu aka rubuta. Na san baƙinsa.

Litinin, da yamma

Maigidan ya kawo min sauran labarin, yana jin daɗin kawowa. A layi ana cewa biyan Yaya aka yi, ta yarda a gwada abin a kan mijinta. Wasu sun ce ba gwaji ba ne, ta gaji da shi ne. In ta fito ɗibar ruwa sai a ce ga ta hoto nan. Ta daina zuwa famfo sai rana ta take, lokacin da ba kowa.

Yaya, wadda in ta yi gyaran murya layin nan yake shiru.

"Laifinki ne ai," in ji shi. "Ke kika mayar da 'yar'uwarki allon talla."

Na ce ya bar min ɗakin. Ya ce ɗakinsa ne. Gaskiyarsa, sai ni na fita.

Talata, ƙarfe goma sha ɗaya

Direban Cibiya ya gaya wa Lasifika abin da aka rubuta. Ya kira ni. Na ɗauka yau zai ce a sauke.

Tsani ya sa aka ba ni, da bokiti da soso.

"Layinku ne, ke kika san mutanen. A wanke shi tas."

Na ce ko a ƙara layi ɗaya a ƙasa, na gargaɗi, tunda akwai wuri. Ya ce in kwamiti ya ga kalmar haɗari a kan hoton, ni zan ciyar da ma'aikata? Na je wajen Dakta. Ta ce ina da gaskiya, za a ƙara, za a buga a jikin kowane buhu ma. Bayan kwamiti.

"Ki fahimce ni," ta ce. Muryarta ta yi ƙasa. "Suna neman sashen da za su rufe. In suka rufe mu, ba gawayi, ba na'urar busar da tumatir, ba komai. Matan layinku su koma shaƙar itace har su mutu. Ki ba ni kwana kaɗan."

Ba ƙarya take ba. Shi ya sa na fi jin haushinta a kan Lasifika.

Talata, bayan la'asar

Na wanke.

Na kafa tsani a jikin turke, na hau da bokiti. Mai itace ya riƙe min tsanin ba tare da na roƙe shi ba, don ya samu wurin tsayawa.

"A hankali, Gwamnati, kada ki faɗo a ce mu ne."

Mutane suka taru. Na goge BA NUMFASHI. Na goge gashin bakin. Sai da na kai soso kan kumatunta na lura ban taɓa kusantar fuskar Yaya haka ba tun ranar asibiti. Baƙin ruwa yana gangarowa ta haɓarta.

Da na waiwaya tana tsaye a bakin famfo da jarka. Ta ga komai. Ta ga ƙanwarta a sama tana gyara abin da ta ce a cire.

Ta ɗauki jarkar, ko rabi ba ta cika ba, ta juya.

Laraba

Ban je aiki ba. Na ce ciwon kai.

Alhamis

Na je. Na hura wuta sau biyu. An yi tafi sau biyu.

Juma'a, da yamma

An fara fenti a Cibiya. An sayo tukwanen furanni an jera daga get zuwa ɗakin nuni. Lasifika ya sa na yi jawabin a gabansa yana riƙe da agogo. Gargaɗin ya koma ƙarshe, kuma ya ce in shugaban kwamiti ya fara duba waya in tsallake shi.

Ya ce ko zan iya kawo matar hoton ranar, ta ce kalma biyu.

Na dube shi. Ban san irin kallon da na yi ba, amma ya ce to a bar shi.

Lahadi, da hantsi

Na ga Tela daga nesa ana koya masa tafiya zuwa bakin titi, Yaya tana riƙe da gwiwar hannunsa. Da suka kusa turakun sai ta juya da shi suka koma. Iyakar tafiyarsa ke nan kullum, in ji maigidan. Ba ta yarda ya kai inda hoton yake.

Talata, ƙarfe tara na safe

Gobe kwamiti, ƙarfe tara. An sake rubutawa a hoton, wannan karon da fenti ja. Lasifika ya sa an ba ni tsani da kananzir da tsumma.

Na sa filayar yanke waya a jaka. Ban yanke shawarar komai ba. Na dai sa.

Talata, bayan la'asar

Zan rubuta yadda aka yi, a jere.

Na kafa tsani. Mai itace ya zo riƙewa. Na hau da tsumma. Na dubi jan fentin, na dubi wushiryar Yaya. Na mayar da tsumma jaka na ciro filaya.

Wayar ta fi yadda na zata tauri. Kusurwar farko sai da na haɗa hannu biyu. Da ta biyu ta tsinke hoton ya kife, iska ta naɗe shi a jikin turke.

"Gwamnati, me kike yi haka?"

"Riƙe tsani, Malam, ko ka saki."

Ya riƙe.

Na sauko na matsar da tsanin na yanke sauran. Ba wanda ya yi tafi, ba wanda ya yi dariya. Na naɗe shi kamar tabarma, fuskar a ciki, na ɗora a ka. Yana da nauyi. Na bi layi da shi, mata suna leƙe ta katanga.

Na yi sallama a ƙofar Yaya. Sai a ta uku ta buɗe, ta tsaya a bakin ƙofar. Na sauke a gabanta. Ta sa ƙafa ta ɗan buɗe gefe, ta ga ɗankwalinta, ta mayar.

"Wa ya aike ki?"

"Ba kowa."

"Sun kore ki?"

"Ba su sani ba tukuna."

"Sakarya. Da can da hankalinki ba ki cire ba, sai da kika wanke shi kika yi masa kwalliya."

Ta sunkuya ta ja shi cikin zaure. Na ga za ta rufe, sai maganar ta kuɓuce min.

"Yaya, don girman Allah. Ranar nan a tsakar gidanki. Na faɗa ko ban faɗa ba?"

Ta miƙe a hankali. Ta daɗe tana kallona.

"Abin da ya dame ki ke nan? Mutum ba ya iya riƙe kofi, ke kina yawo gida gida kina neman wanda zai ce hannunki a wanke yake?"

"Ina so in sani ne."

"Ni ma ina so in sani. Ni na ja ƙofar." Muryarta ta karye a nan, ta gyara ta da tsaki. "In kin faɗa, ni ce ban ji ba. In ba ki faɗa ba, ke ce. Wanne kike so in zaɓa miki?"



Daga ciki Tela ya ce, "Wace ce?"

Yaya ta ɗan juya kai. "Wannan yarinyar ce."

Shekarata arba'in da ɗaya.

"Gobe likita zai ga hannunsa, ƙarfe tara," ta ce da ni. "Ƙafata ta kumbura, ba zan iya layin asibiti ba. Ki zo da wuri, ki zo da mai adaidaita. Kada ki zo min da abinci."

"Yaya, gobe ƙarfe tara..."

"Me?"

"Ba komai."

Ta rufe ƙofa.

Talata, kafin magariba

Maigidan ya ji tun kafin in iso. Ya ce in an kore ni kada in yi masa kuka a ɗaki. Na ce ba a ɗakinsa zan yi ba.

Lasifika ya kira sau da yawa. Na kife wayar. Dakta ta kira sau ɗaya. Wannan kiran ne ya tsaya min a rai. Gobe motar za ta bi ta bakin layi ta tarar da turaku biyu da guntayen waya. Ban san abin da zai biyo baya ba, gare ni ko gare ta. In sun rufe sashen, ina cikin waɗanda suka rufe shi, kuma har gobe ina cewa gawayin nan alheri ne.

Hannuna ya yi kanta wajen filaya. Rubutun ma da ƙyar.

Na gobe:

A mayar da tsani wajen mai gadi kafin Lasifika ya iso.
A bar wa Dakta makullin ɗakin nuni. Ashana tana cikin aljihun tebur na hagu. Ta fara da busasshen curi, na saman faranti.
A rubuta mata jawabin a takarda, gargaɗin a farko. In ta mayar da shi ƙarshe, ruwanta.
A kira ta. Ko a bari sai an dawo.
Buhunan matan layi suna tsakar gida, a rufe su kafin ruwa.
Mai adaidaita, tun bakwai da rabi.
Katin asibitin Tela, a tambayi Yaya, kada a manta kamar yadda aka saba.
A tafi da kujerar roba, ba zai iya tsayuwar layi ba.
Kada a tafi da abinci.